Ra'ayinmu: Mangazun Gaya, tsakanin wuyan ɗan dako da injin ɗaga kaya

Bari mu fara da lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi ba tare da alƙalami ba. Babbar mota mai ɗauke da tan 35 na shinkafa, buhu 700 ke nan masu kilo 50. In mutum 10 suka taru a kanta, kowane ɗaya zai ɗauki buhu 70, wato tan 3 da rabi a wuya guda, kafin motar ta zama fanko. Ranar da kasuwa ta buɗe, motoci biyu ko uku suka tsaya a ƙofar mangaza, sai a ninka. Wannan lissafi shi ne rayuwar ɗan dako a Gaya. Duwan na ƙidaya tan, mai kaya na ƙidaya riba, direba na ƙidaya kwanakin hanya, amma har yau ba mu ga littafin da ake ƙidaya ƙashin bayan da ya sauke kayan ba.

Mun ɗauko wannan magana ne saboda wani canji da ke tafe, ko muna so ko ba mu so: shigowar injin ɗaga kaya cikin mangazunmu. Matsayinmu a kai a fili yake. Injin alheri ne, da sharaɗin a horar da wanda zai tuƙa shi, a rubuta sunansa cikin rajistar ma'aikata, kuma a fara neman direban daga cikin waɗanda suka shekara suna ɗaukar kayan a ka. In aka tsallake waɗannan sharuɗɗa, injin zai ci abincin mutane da yawa, ya haɗa da ƙafar wasu.

Wanda bai san Gaya ba zai yi mamakin yadda gari mai wannan girma ya tara mangazu haka. Dalilin yana cikin taswira. Garin na bakin kogin Kwara, gada ce kawai tsakaninsa da Malanville ta ƙasar Benin, kuma ƴar tazara ce tsakaninsa da Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya. Layin dogo da ya taso daga Kotonu ya tsaya a Parakou, saboda haka shekara da shekaru kayan Nijar a bayan mota suke ƙarasa tafiyar, kuma kafin 2023 mafi yawan abin da ƙasar nan ke saukewa a bakin teku ta wannan gada yake ratsowa. Wani kaso na kayan ba ya ma wuce Gaya zuwa Dosso da Yamai. A nan ake ajiye shi, dilolin gwanjo, shinkafa, atamfa da sauransu, har masu saye su zo daga Nijeriya, inda doka ke hana shigar wasu kaya ko ta tsananta musu haraji. Mangazar Gaya, ke nan, wurin ajiya ce kuma kanti ce. Mai saye na shiga ciki ya duba dila, ya taya, ya zaɓa, ƴan dako na kai da kawowa ta gefensa. A riƙe wannan, za mu koma kansa.

Arzikin da ya rataya a kan iyaka yana rawa duk lokacin da iyaka ta yi rawa. Mutanen Gaya sun ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994. Sun ga Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sun ga takunkumin CEDEAO ya datse gada, motoci sun yi layi a ɓangaren Benin, kaya da mutane sun koma tsallaka kogi cikin jiragen ruwa na katako. Ko da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, hukumomin Nijar sun bar nasu ɓangare a rufe bisa dalilan tsaro, har cikin 2025, kayan ƙasa kuma suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, attajiri ya sami inda ya karkata jarinsa, ma'aikacin gwamnati ya ci gaba da jiran ƙarshen wata. Ɗan dako, wanda ake biya a kan buhu, shi ya fara kwana da yunwa, domin ba shi da albashi, ba shi da takarda, ba shi da wurin kai ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wannan shafi ne zai yanke ranar da harkar gada za ta koma yadda take ba. Abin da muka sani shi ne taswira ba ta canzawa: Kotonu ce tashar teku mafi kusa da yammacin Nijar, kuma Gaya ce ƙofarta. Abu na biyu da muka sani, fataucin duniya ya daɗe da komawa kwantena da palet, wato katakon nan da ake jera kaya a kai don inji ya zura yatsunsa ya ɗauka gaba ɗaya. A tashoshin Kotonu da Lome haka ake aiki. Shirin tashar tudu ta Dosso, da aka ba kamfanin Bolloré kwangilarsa a 2014, a kan wannan tsari aka zana shi. Palet guda na ɗaukar buhu 20, tan 1 ke nan. Motar da muka yi lissafi da ita a sama sawu 35 ce ga direba guda. Ɗan kasuwar da ya ga haka a Kotonu ba zai daɗe bai yi sha'awar ganinsa a ƙofar mangazarsa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Tambayar ita ce: wa zai hau kujerar?

A ƙasar nan mun san yadda ake koyon tuƙi. Yaro ya bi mota a matsayin karen mota, ya wanke, ya ɗaure tanti, wata rana maigida ya ce masa ya matsa da ita gaba kaɗan, shi ke nan an fara. In aka bi wannan hanya da injin ɗaga kaya, za a yi jana'iza. Injin ya yi kama da ƙaramar mota, amma ɗabi'arsa dabam ce, kuma ya kamata mai saye da mai sa hannu a takardar izini su san inda bambancin yake.

Da farko nauyi. Injin da aka rubuta masa tan 2 da rabi, shi kansa yana kusan tan 4, domin a bayansa akwai dunƙulen ƙarfe da ke riƙe shi kada kayan gaba su rinjaye shi. Aikinsa aikin sikeli ne: ƙafafun gaba su ne tsakiyar ma'auni, kaya a gefe guda, dunƙulen ƙarfe a ɗaya gefen. Wanda wannan nauyi ya taka wa ƙafa, ko yana tafiya a hankali, ba maganar ɗori ake yi ba. Na biyu, da ƙafafun baya yake juyawa. Idan direba ya karya kwana, gindin injin ne ke fita waje ya share duk abin da ke gefensa, mutum ne ko tulin buhu. Direban da ya saba da mota idonsa na kan gaba, a nan kuwa haɗarin na baya. Na uku, ko da yake ƙafa huɗu gare shi, tsayuwarsa a kan wuri uku take: ƙafafun gaba biyu da tsakiyar gatarin baya. Muddin nauyi na cikin wannan kusurwa uku, injin na tsaye. Da ya fita, ya kife. Ɗaga kaya sama yana matsar da nauyin zuwa bakin iyaka, haka ma karya kwana da gudu, haka ma rami ko gangara. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a yi tafiya da kaya a ƙasa-ƙasa, kamar santimita 15 zuwa 20 daga daɓe, a jingine su baya, kada a ɗaga sai an tsaya a gaban inda za a ajiye.

Akwai kuma ƙaramin allon ƙarfe da ke manne a jikin kowane inji, wanda yawancin mutane ba su kulawa da shi. Shi ke faɗin nauyin da injin zai iya ɗauka, a wane tsayi, kuma in tsakiyar kayan na wace tazara daga gindin yatsun, galibi santimita 50 ko 60. Kayan da suka fi haka tsawo, ko da nauyinsu bai kai abin da aka rubuta ba, suna iya ɗaga ƙafafun baya sama. Direban da ba ya iya karanta wannan allo yana aiki ne da ƙaddara. Sauran ƙa'idojin ma ba a gane su da hankali kawai, sai an koya. A kan gangara kaya ne ke fuskantar tudu, ko hawa ake ko sauka. In kaya sun tare gani, da baya ake tafiya. Ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗaga mutum a kan yatsu don ya gyara tuli, ba a bari kowa ya ratsa ƙarƙashin kayan da ke sama. Inji mai shan gazuwal ko gas, in ya daɗe yana aiki cikin rufaffiyar mangaza, hayaƙinsa na iya sumar da mutane ba su ji wari ba. Kowace safiya ana duba birki, oda, sarƙa, taya da yoyon mai kafin a tayar. Sannan ga wadda ta fi saɓa wa tunanin ɗan Adam: in injin ya tashi kifewa, ba a tsalle. Mai tsalle rufin ƙarfen ne ke danne shi. Direba ya zauna da ɗamarar kujera a ɗaure, ya riƙe sitiyari, ya dafe ƙafafu, ya karkata jikinsa ɓangaren da ba a faɗuwa. Wane karen mota ne zai gano wannan da kansa kafin ranar da zai buƙace shi?

Ƙasashen da suka riga mu amfani da injin sun biya kuɗin wannan darasi da rayuka, sannan suka rubuta shi cikin doka. A Faransa, tun 1998, ma'aikaci ba ya hawa irin wannan inji sai da rubutaccen izinin maigidansa, bayan likita ya duba shi, an gwada iliminsa da hannunsa, an kuma nuna masa wurin da zai yi aikin. Takardar gwajin da aka fi sani a can, CACES, shekara 5 take yi a sake ta. A Amurka doka ta wajabta horo da sake gwada direba duk shekara 3, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. A manyan kantunan sari na can, inda masu saye ke yawo tsakanin tulin kaya kamar yadda ake yi a mangazun Gaya, ana datse layin da inji ke aiki, wani ma'aikaci na tafe a gaba yana kore mutane. Horon farko kwanaki ne, bai kai wata ba. Abin da ake nema ba digirin jami'a ba ne: fili mai daɓe, inji guda, malami da ya san aikin, da jarrabawar da ba a saye.

Za a ce mu muna Nijar ne, ba Faransa ba. To, mu duba namu dokokin. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa da koya musu ƙa'idojin tsaro idan ya ɗauke su. Ta tsaida awa 40 a mako, abin da ya wuce haka aikin ƙari ne mai ladansa. Asusun CNSS yana da reshe na haɗarin aiki, wanda maigida ne ke zuba masa kuɗi, shi kuma ya ɗauki magani da diyyar wanda ya ji rauni. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sefa 30.047 tun daga 2012, fiye da shekara 10, kafin a tsaida shawarar kai shi 42.000. A matakin duniya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta ba da shawara tun 1967 cewa kada nauyin da namiji baligi ke ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55, kuma a 2022 ta sanya lafiya da tsaro a wurin aiki cikin haƙƙoƙi na asali. Mai karatu ya kwatanta wannan da buhun masara ko hatsi mai kilo 100 da ake ɗora wa mutum guda a kasuwanninmu kowace rana. Takardu muna da su. Abin da ya rage shi ne takardar ta san hanyar mangaza.

Dalilin da ya sa ba ta san hanyar ba, kowa ya san shi. Mai mangaza ba ya ɗaukar ɗan dako aiki. Yana yin jinga ne da shugaban ƴan dako, shi kuma ya tara mutanensa, a raba kuɗi da yamma. Ranar da buhu ya karya wani, mai kaya ya ba da abin da zuciyarsa ta ba shi, abokan aiki su yi karo-karo, a kai shi wurin mai ɗori, a ce Allah ya sawwaƙe. Ba mu raina wannan taimako ba, ya rufa asirin gidaje da yawa. Sai dai kyauta ce, mai bayarwa na iya hanawa, kuma ba ta kai wa shekarun da mutum zai yi ba ya iya sunkuyawa. Idan aka ɗora inji mai tan 4 a kan wannan tsari na baki da baki, raunin zai ƙaru, mai ɗaukar alhakin kuwa babu.

Ga attajiran Gaya muna cewa: Alhaji, wannan magana ta aljihunka ce kafin ta zama ta tausayi. Injin da ka kashe miliyoyi ka sayo, ko sabo ko na hannu, direba marar horo zai iya kashe shi cikin wata guda. Palet guda da ya zube, ko yatsan ƙarfe da ya huda dilolin atamfa, ya fi kuɗin horon mutum biyu. Mai saye da ya taso daga Kamba ko Birnin Kebbi ya ji rauni a cikin mangazarka, labarin zai riga shi isa gida. Ka kuma sani injin ba ya aiki a kan rairayi da ramuka: yana son daɓen siminti, hanya mai faɗi tsakanin tuli da tuli, haske da iska. Wanda zai sayi inji ya fara da gyaran mangaza. Araha ba ta ado.

Ga ƴan dako kuma ba za mu ɓoye gaskiya ba. Inji guda zai yi aikin hannaye da yawa, kuma duk wanda ya ce muku ba wanda zai rasa abin yi, yaudararku yake. Amma aikin hannu ba zai ƙare gobe ba: kaya da yawa na zuwa a zube cikin mota ko cikin kwantena, sai an jera su a kan palet da hannu, kuma ƙananan motoci da amalanke da ke kai kaya kasuwa ba inji ke loda su ba. Abin da ke gabanku shi ne zaɓi tsakanin ku tsaya kuna kallo a kawo direbobi daga Kotonu ko Yamai, ko ku nemi kujerar ta zama taku. Wanda ya shekara 10 yana jera buhu ya fi kowa sanin yadda tuli ke tsayuwa da yadda yake rushewa. Rabin ilimin yana hannunsa. Abin da zai hana shi shi ne karatun allo da lambobi, kuma wannan yaƙi da jahilci na ƴan watanni na maganinsa, da Hausa ko Dendi ko Zabarmanci.

Saboda haka muna kira ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu, kowa da sunansa.

Ma'aikatar da ke kula da ƙwadago ta fitar da ƙa'ida a rubuce, gajera, da kowa zai fahimta: ba mai tuƙa injin ɗaga kaya sai baligi, mai takardar likita da takardar horo, kuma a riƙa sabunta ta. Sufetocin ƙwadago na jihar Dosso su sami abin hawa da man da za su yi kilomita 150 zuwa Gaya, su shiga mangaza da ƙafarsu, ba su jira a kawo musu ƙara a ofis ba.

Asusun FAFPA, wanda aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, tare da hukumar ANPE, su buɗe wannan horo a Gaya kanta. Mun horar da teloli da masu walda da makanikai. Ba mu ga abin da zai hana a horar da direbobin mangaza a garin da mangaza ce masana'antarsa ba. A keɓe kaso mafi yawa na guraben ga ƴan dako da ƴaƴansu.

Majalisar ƴan kasuwa, CCIN, da hukumar CNUT da ƴan tiranzit su haɗa kuɗi su samar da inji da filin koyo. Ƙananan ƴan kasuwa da ba su iya sayen inji su yi tarayya a kan guda, da direba mai takarda, a riƙa haya.

CNSS ta zauna da shugabannin ƴan dako a samo hanyar rajistar masu aikin yini, ko da ta hanyar ɗan abin da za a cire a kan kowace mota da aka sauke. Wanda ya iya ƙidaya buhu don biyan lada, ya iya ƙidaya shi don biyan asusu. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su tuna cewa ma'aikaci ba sai mai alli ko mai biro ba.

Hukumar gari, daga ƙarshe, ta sa sharaɗin daɓe, faɗin hanya da raba wurin masu saye da wurin inji cikin izinin gina kowace sabuwar mangaza.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar rancen Bankin Duniya, kuma ba ɗaya da ke jiran sasantawar Yamai da Kotonu. Layin dogon Yamai zuwa Dosso, da aka yi bikinsa a 2016 kuma bai yi jigilar da aka yi alkawari ba, ya isa ya koya mana cewa ƙarfe shi kaɗai ba ya zama ci gaba. Shekarun da kasuwa ta yi sanyi sun jawo wa Gaya asara mai yawa, amma sun bar mata abu guda da ba ta da shi lokacin da motoci ke layi: lokacin shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da motar farko mai palet za ta tsaya a ƙofar mangaza, muna so wanda zai hau injin ya zama ɗan garin, da takardarsa a aljihu, da lambarsa a CNSS, kuma da yamma ya koma gida da ƙafafunsa biyu.